Malam Mai Tsara Wasannin Gasa

Lissafi yake koyarwa a sakandare kafin hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta ɗauke shi aiki, shi ya sa har ya tsufa Malam ake ce masa. Aikinsa shi ne tsara wa zai kara da wa, a ina, kuma yaushe. Ƙungiyoyi goma sha takwas ne, kowace sai ta je gidan kowace, kuma ba a yarda wata ta yi wasan waje uku a jere ba.

Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, da fanka mai ƙara da ƙaton allo cike da katuna masu launi. Ko da aka kawo masa kwamfuta bai sauke allon ba. "Ita ba ta san gajiyar hanya ba," in ji shi. Matarsa kan tsokane shi, wai ko nama bai taɓa raba wa yaransu da irin adalcin da yake raba wa 'yan ƙwallo ranakun hutu ba.

Wata shekara, ana saura mako biyu a fitar da jadawali, sai ga yayansa, kocin wata ƙungiya da ta sha da ƙyar a kakar da ta wuce.

"Ƙanena, ba babban abu nake nema ba. Jera mini masu sauƙi a farko, yarana su sami ƙwarin gwiwa."

"Yaya, in na ba ka masu sauƙi, wa zan ɗora wa masu wuyar?"

"Ni na koya maka ƙwallo fa!"

"Shi ya sa ban iya ba."

Yayan bai yi dariya ba, ya fita ya bugo ƙofa.

Maganar ta tsaya wa Malam a rai. Ya sake bin allon kati bayan kati, ko ya danne ɗan'uwansa don gudun zargi. Bai danne shi ba. Amma ya gano wata ƙaramar ƙungiya, wadda ta fi kowa nisa, za ta yi doguwar tafiya sau biyu cikin kwana uku, ba ta kuma da mai yi mata magana. Zagaye shida na jadawalin ya warware saboda ita, ya yi kwana huɗu yana gyara.

A kakar nan ƙungiyar yayan ta faɗa rukuni na biyu. Wata uku yayan ba ya amsa gaisuwar Malam, sai da babbar yayarsu ta zaunar da su ta yi musu tatas.

Ranar da Malam ya ajiye aiki, kociyoyi suka cika ɗakin taro. Duk wanda ya miƙe sai ya rantse ƙungiyarsa Malam ya fi matsa wa, ana ta dariya. Yayan ne ya fi kowa ɗaga murya, kuma shi ya kai shi gida a motarsa.