Ordinater da Maigidana Ya Haɗa da Hannunsa

Maigidana ma'aikaci ne a biro, wato ofishin magajin garin Dogon Dutsi, a ɓangaren da ake rubuta takardun haihuwa da na aure. Ni kuma ina koyarwa a lakwal, ajin yaran da ke fara koyon karatu. Mun daɗe da aure lokacin da abin nan ya same shi, kuma kafin nan ban san shi da wata sha'awa ba, in ban da sauraron ƙwallo a rediyo da shayin la'asar.

Wata Asabar ina tsinke zogale zan yi kopto, wato kwaɗon zogale, sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ba ya yin haka sai in da magana.

"Madam, na yanke shawara zan haɗa ordinater, wato kwamfuta."

"Ba ga ta biro ba?"

"Waccan kafin ta buɗe sai mutum ya yi alwala ya yi nafila. Tawa nake so, ta gida. Kuma ba sayen haɗaɗɗiya zan yi ba, ni zan zaɓi kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa da hannuna."

"Ta yin me?"

"Ta aiki," ya ce, yana duban zogalen.

Ban ja maganar ba. Na riga na ga irin bidiyon da yake kallo a waya tun makonni, na wasu samarin ƙasashen waje da ke zaune gaban akwatuna masu fitilu, abin saurare a kunne, suna wasa. Takardar haihuwa kuwa ba ta buƙatar fitila mai canza launi.

A ranar ya koya mini sunayen kayan. Akwai kat mer, wani faifai mai faɗi wanda komai ke hawa kansa, shi ya sa ake ce masa uwa. Akwai furosesa, ɗan abu bai kai akwatin ashana ba, shi ne ƙwaƙwalwa. Akwai kuma kat girafik, mai zana hotunan da ake gani. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya, amma sai ya kai maganar fada.

Fadarsu, inda suke taruwa shan shayi da hira, tana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ƙofar shagon yayana, kusa da kasuwa. Yayana yana sayar da wayoyi da caja da farantan sola, yana zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Yamai. Yana cikin samarin garin nan masu riƙon sunna da ƙarfi, wando a ɗage, gemu a taje, ba ya zuwa bikin da ake kiɗa. Da ya ji zancen, sai ya ce wasan ordinater ɓata lokaci ne, kuma kowa za a tambaye shi yadda ya yi da lokacinsa. Ya kurɓi shayi, sannan ya ƙara da cewa in dai har za a yi, to a yi da kyau, a sayi kayan kamfani mai shuɗin tambari.

Ɗaya masanin shi ne mushe, wato malamin da ke koyar da kimiyya a lise, babbar sakandare, abokin maigidana tun suna yara, shi ne ma babban abokin ango a bikinmu. Shi kuma ya ce duk wanda ya san abin da duniya ke ciki ya bar shuɗi tuntuni, yanzu zamanin kamfani mai jan tambari ne. Ya faɗi haka da Faransanci, don maganar ta ƙara nauyi.

Daga yayana har mushen babu wanda ya taɓa haɗa ordinater. Wannan bai hana fadar rabuwa gida biyu ba. Wani mai kabu-kabu da bai taɓa zama gaban ordinater ba ya zama ɗan ja na gani kashe ni, saboda telan da ba sa shiri da shi ɗan shuɗi ne. Matar yayana ta gaya mini cewa har butar shayi ta zama biyu. Na ga lokutan zaɓe a garin nan, amma ko a lokacin ba a raba buta ba.

Abu ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne akwatin da za a zuba kayan ciki, don haka shi aka fara saye. Baƙi ne, gefe ɗaya gilashi, da fankoki uku a gaba. Ya zo daga Yamai a saman motar haya tsakanin buhunan albasa, ya yi wata guda yana warinta. Aka ɗora shi a kan teburin falo, babu komai a cikinsa, ya yi wata huɗu a haka. Kowace safiya kafin ya tafi biro maigida sai ya goge gilashin da gefen rigarsa. Na so in rufa masa ƙyallen leshi saboda ƙura, ya ce kada in kuskura, sai ya sha iska. Maƙwabciyata ta leƙo ta gan shi, ta zagaya shi sau biyu, ta tambaye ni ko a ina ake samun irinsa, tana so ta sa wa 'yarta a kayan ɗaki ta jera kofuna.

Duk watannin nan maigidana yana tsaka mai wuya. In ya bi mushe, ya watsa wa yayan matarsa ƙasa a ido. In ya bi yayana, ya ci amanar abokin da suka tashi tare. Wata rana ya dawo da fara'a, ya ajiye kwalaye biyu a gabana.

"Na raba gardama, Madam. Uwar ta shuɗi ce, na karɓa wurin Yaya. Ƙwaƙwalwar ta ja ce, yadda mushe ya ce. Kowa ya samu rabonsa."

"Kuma za su zauna tare?"

"Ai haka ake zaman duniya."

Aka sa ranar Lahadi da hantsi don haɗawa, aka gayyaci su biyun. Na dama fura, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Maigida ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya cire agogo. Yayana ya yi bismillah. Aka buɗe ɗan gurbin da ke tsakiyar uwar, aka kawo ƙwaƙwalwar za a zaunar da ita, ta ƙi zama. Aka juya ta gabas, aka juya ta yamma, aka juya ta kudu da arewa. Mushe ya ce a ɗan danna. Yayana ya riƙe hannun maigida ya ce in aka danna babu ruwansa. Nan mushe ya ce dama kayan da ake kwasowa a kasuwa sai a hankali, yayana kuma ya ce shi kayansa ba su taɓa ba shi kunya ba, a dai binciki na wasu.

Ni na shigo ne da ruwan sanyi. A bakin ƙofa na yi tuntuɓe da kwalin uwar, wanda suka jefar tun farko. Na ɗauka zan kai waje, sai na ga rubutu a bayansa. Aikina ke nan kullum, sa yatsa a ƙarƙashin layi da karantawa a hankali, don haka na karanta. An jera irin ƙwaƙwalwar da uwar ke karɓa, kuma duk na shuɗi ne.

"Yaya, ku yi haƙuri in sa baki. A nan an rubuta cewa wannan ba ta ɗaukar ta ja."

Yayana ya karɓi kwalin, ya duba, ya miƙa wa mushe.

"Ai mun sani," in ji yayana. "Gwadawa muke yi."

Mushe kuwa ya ɗauki kusan rubu'in awa yana bayani da Faransanci, wanda ƙarshensa shi ne tun farko shi abin da yake nufi ke nan, ba a fahimce shi ba ne. Suka sha furar, suka tafi kowa ta hanyarsa.

Yanzu dole ɗaya daga cikin kayan biyu ya koma. Maigida ya yi mako biyu ba ya cin abincin kirki, ya daina bi ta fada, yana zagayawa ta bayan tasha in zai je biro. Da na ga abin zai zama ciwo, sai na yafa mayafi na tafi gidan yayana. Na same shi a tsakar gida yana gyara wata fitilar sola.

"Yaya, kai ne babba, kuma kai ne mai zuwa Sakkwato. Mushe ko Dosso sai ya nemi izini. Ka taimaki ƙanwarka ka canzo mana uwar nan."

"Wato in je da ƙafata in ɗauko ta ja."

"Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya daɗe yana murza gemu. Bayan kwana goma matarsa ta zo mini da wani abu a baƙar leda, an naɗe shi cikin zane kamar ana kai wa mai jego kaya. Uwa ce ta ja. A fada kuwa yayana ya ci gaba da kare shuɗi, har ma ya fi da zafi.

Daga ranar duk kwalin da zai shigo gidan sai na karanta shi. Na ware wani tsohon littafin shirin darasi ina rubuta abin da ya dace da wane. Da aka zo kan kat girafik, fada ta nace a kan wata ƙatuwa mai fankoki uku. Na ɗauko ma'aunin da nake ja wa yara layi a allo, na auna cikin akwatin, na ga sai an yanke masa gaba kafin ta shiga. Aka sayi mai fanka biyu. Maigida ya je fada ya ce ya yi dogon bincike ne ya gano hakan, ni kuma ban ƙaryata ba.

Ordinater ta tashi a tsakiyar bazara. Fitilun suka kama, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, maigida ya zauna yana kallonsu kamar wanda aka yi wa haihuwar fari. Ba a yi awa ba ta fara huci saboda zafi, fankokinta suna ƙara kamar injin niƙa. Ya shiga ɗakinmu ya ɗauko fankar tsaye, wadda ita kaɗai gare mu, ya kafa mata.

"Mu fa, maigida?"

"Mu mun saba, Madam. Ita baƙuwa ce."

In an ɗauke wuta sai ya zauna gabanta yana yi mata fifita da murfin kwali har ta huce.

Na yi zaton wasan yaƙi zai yi, ko na ƙwallo. Ashe noma ne. Wata gona ce shimfiɗaɗɗiya a ƙasar da ban sani ba, kore shar, shi kuma yana tuƙa tarakta yana huɗa, yana shuka alkama, yana girbi. Yayana ya zo sau ɗaya, wai ya duba ko uwar da ya kawo tana aiki daidai. Ya zauna duba ta tun bayan azahar, bai tashi daga kan taraktar ba sai da aka kira la'asar.

Damina ta faɗi. Inna, mahaifiyar maigida, tana Geceme tana riƙe da gonar hatsin da mahaifinsa ya bari. Sau biyu ta aiko cewa haki ya taso, ya zo a yi noman fari. Sau biyun ya ce aiki ya yi yawa a biro. A na uku ba ta aiko ba, ta shigo mota ta zo da kanta, da ƙullin kuka da daddawa a hannu.

Asabar ce da rana. Na tarbe ta a tsakar gida, na ce bari in kira shi, ta ce in bar shi. Ta shiga falon a hankali. Na ɗauka fitilun za su ba ta tsoro, amma matar da uwarta 'yar Lugu ce, garin sarauniyar da ta yi yaƙi da Turawa, ba fitila ce za ta razana ta ba. Ta tsaya a bayansa, shi kuma abin saurare a kunne, bai san da ita ba. Ta daɗe tana kallo kafin ta taɓa kafaɗarsa. Ya juyo, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Yaushe a gari?"

"Wagga gona ta wa ta?"

"Tawa ce, Inna. Amma ta wasa ce."

"Ta yi kyau. Ko haki ɗaya babu. In ka girbe, ina kake kai hatsin?"

"Akwai rumbu a ciki."

"Cikin gilashin."

"E, Inna."

"To ɗebo mini tiya guda in gani."

Ta jawo kujerar da ya tashi a kai ta zauna, ta ce ya ci gaba, tana so ta ga aikin biron da ya hana shi zuwa. Haka ya tuƙa taraktar a durƙushe, tana kallo. Can ta nuna da yatsa.

"Ka baro gefe can. Kuma layinka ya karkace. Haka ubanka yake yi, Allah ya jiƙan shi, sai na bi bayanshi ina gyarawa."

Washegari da sassafe suka hau motar Geceme tare, ya aika biro cewa uzuri ya taso masa. Kwana huɗu ya yi. Ya dawo ya yi baƙi, wuyansa ya saɓule, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe saboda hauya. Ko loma ba ya iya yi sai da cokali. Na shafa masa man kaɗe, na naɗe hannayen da tsumma mai tsabta.

Da yamma na same shi zaune gaban ordinater, hannaye biyu a kan cinya, yana kallon alkamarsa da ta nuna ta yi jawur.

"Madam, in ba a girbe ta yau ba, lalacewa za ta yi."

Na zauna a kujerar. Ya tsaya a bayana yana faɗa mini inda zan danna. Da farko na afka da motar girbin cikin shingen maƙwabci, daga baya hannuna ya faɗa. Na girbe masa gonar tas, sai layi biyu da na baro a gefe, ya yi ta mita a kansu har aka kira magariba.