Baji Shagufta, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Dakta Shagufta Tareen a gidanta da ke Lahore, bayan doguwar jinyar ciwon daji.

Baji, wato Yaya, kamar yadda muke kiranki a ɗakin gwajin kamfanin magunguna, ke kika koya mini aiki. Ranar da na fara, na yi ta karya siririn bututun gilashin nan mai kaurin silin gashi. Ba ki yi faɗa ba. Kika kama hannuna muka yanka tare, sannan kika tura mini rabin gurasarki ta paratha kika ce, "Ci, Mehwish, yunwa ce ke sa hannunki rawa." Ke kika nuna mini yadda ake sa ɗigon magani a bututun, a saki wutar lantarki, kowane sinadari ya tafi da saurinsa ya fito a allo kamar tudu, ta haka a gane abin da ya ɓuya a ciki.

A allurar hana jini daskarewa, wadda ake yi wa masu wankin ƙoda, kika ga wani ɗan tudu da bai kamata ya fito ba. Tsohon gwajin da aka saba bai nuna komai ba. Kika canza bututu, kika maimaita, tudun yana nan, alamar sinadarin da aka sayo don haɗa allurar gurɓatacce ne. Manaja Chaudhry Liaqat ya sauko da kansa ya ce, "Dakta Sahiba, wannan ɗan ƙurjin ne zai tsayar mana da motocin kaya? Sa hannu a fitar da su." Kika ce, "Sahib, jijiyar mutum zai shiga." Da suka nemi fitar da kayan ta bayanki, kika sanar da hukuma, aka rufe sashen.

Waɗanda suka rasa aiki ba su tsani wanda ya sayo gurɓataccen sinadarin ba, ke suka tsana. In kika zauna cin abinci, sai teburin ya watse. Aka kakkarya miki bututai aka zuba a kofin shayinki. Matan da kike raba wa tufafin Idi suka daina amsa sallamarki. Daga ƙarshe aka kore ki, wai ba ki iya zama da mutane. Da wani ɗakin gwaji ya tabbatar da abin da kika gani, ko mutum ɗaya bai zo ya ba ki haƙuri ba.

Ina gefen gadonki a asibiti ranar da matar wani direban kamfanin da ya rasa aikinsa ta shigo, wai dubiya. Ta ƙare wa ramarki kallo ta ce, "Ashe na'urar taki ba ta ga dattin da ke cikin jikinki ba?" Na miƙe zan fitar da ita, kika riƙe mini mayafi. Da ƙyar muryarki ta fito, kika tambaye ta ko ɗanta ya gama makaranta.

Ranar zaman makoki Chaudhry Liaqat ya zo da furanni, yana faɗa wa jama'a cewa ke abin alfaharin kamfani ce. Mijinki ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ta ce in ka zo a ba ka shayi." Aka kawo masa, ya shanye, ya nemi ƙari.

Mutanen da allurar nan ba ta shiga jikinsu ba suna nan suna yawo a gari, ba su san sunanki ba, ba kuma za su sani ba. Allah Ya san shi.

Allah Ya jiƙanki, Baji, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha da wulaƙancin da kika haɗiye su zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Malik Jahanzeb, da 'yarki Zunaira, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Ke kin yafe wa waɗanda suka cuce ki, na ji da kunnena. Ni har yanzu ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yin haka. Amin.