Ragon da na kai wa tsohon depute

Shekarun baya, a fari na biyu da ruwan sama ya ƙi, soja na kan mulki, na sayar da kamiyon da nake da shi, motar ɗaukar kaya guda ɗaya tak, na zuba kuɗin a harkar ruwa. Na sayo injin jan ruwa daga Kano, aka shigo da shi ta dajin Ɗan Barto a bayan raƙumi saboda iyaka na rufe. Na sayi amalanke shida da jakunansu, da ganga ashirin da huɗu. Sauran kuɗin masu haƙa suka karɓa, suka ƙara wa rijiyar garkata gaba bakwai har suka tarar da ruwan kirki. Abu ɗaya ya rage mini, takardar izinin sayar da ruwa a cikin gari. In babu ita, injin nan ƙarfe ne kawai, jakunan kuma bakuna shida ne a shekarar da ba ciyawa.

Ban damu ba a lokacin, don wanda zai sa hannu a takardar abokina ne.

Tare muka tashi a Matameye. Shi aka kama aka kai lakkol karatun boko, ni aka bar ni a bakin sikelin gyaɗa. Ya zama mushe, kamar yadda muke kiran malamin makaranta, ya koyar a Kance da Tsauni, daga baya jam'iyya ta sa sunansa ya zama depute, wato ɗan majalisa. Jam'iyya ɗaya ce a zamanin, ba mai kayar da shi, amma duk da haka ana son a ga taro, ni kuma ni ne mai kwaso taron. Na sha cika kamiyo da mutanen ƙauye, gazuwal ɗin da motar ke sha nawa, goro nawa. Abin da na samu a shekarunsa na majalisa bai wuce in shiga biro, ofishin hukuma, a ce ga abokin depute, a miƙo mini kujera ba. Shi kansa ya taɓa gaya mini aikinsu a Yamai ɗaga hannu ne, kuma hanyar da ya yi wa mutanen Tsauni alkawari ya roƙe ta har kunya ta hana shi ƙara tambaya.

A fari na farko soja suka karɓi ƙasa, aka rushe majalisa. Aka tsare shi wata goma sha huɗu ana bincike, ba a sami komai a kansa ba sai gida ɗaya da keken ɗinkin matarsa. Ya dawo ya rage magana, ya koma noman gero a gonar mahaifinsa. Wajen shekara goma yana haka, nakan leƙa shi da sukari da ganyen shayi.

Rannan kawai muka ji a rediyo an naɗa shi shugaban kwamitin da ke kula da ruwa da wutar lantarki a jiharmu. Su ke yanke farashi, su ke ba da izini. Lokacin famfunan gari ba su wuce awa biyu suna zuba, mata na jera bokiti har bayan masallaci. Aka ce mai rijiya da inji zai iya sayarwa a kan farashin da aka yanke, amma mutum ɗaya za a ba a kowane gari. Mu uku muka nema.

A wajenmu, in mutum ya sami muƙami ana kai masa gaisuwar murna, kuma ba a ɓoye ake kaiwa ba. Yadda jama'a suka ga girman gaisuwar, haka suke auna girman zumuncin. Ina da wani rago balami da nake kiwo don layya, dusa da harawa nake saya masa da tsada. A shekarar da ake ba da saniya a kan buhun garin rogo, ragona da ƙyar yake tafiya don ƙiba. Da na ji abokina zai zo gari da ƴan kwamitinsa su duba rijiyoyi, na ce wannan ragon nasa ne.

Mahaifiyata ta ce in dakata har a gama maganar takarda, in kuma ba zan iya haƙuri ba, mata su kai wa maiɗakinsa sabulu da turmin zane ta ƙofar baya. Na ce mata Hajiya ba ta san sha'anin manya ba. Gaskiyar magana ba murna kaɗai ta kai ni ba. So nake sauran biyun da suka nemi takardar su gani, su karaya.

Ranar kasuwa ce. Na sa aka wanke ragon, na ɗaura masa sabuwar igiya, na zuba babbar riga na ja shi da hannuna. Akwai lungun da zai kai ni gidansu ba tare da kowa ya gan ni ba, amma na bi ta tsakiyar kasuwa. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, wannan rago ne ko maraƙi? Gidan wa za a ci daɗi?" Ni kuma na ba shi amsa yadda har ƴan goro sai da suka ji.

Na iske abokina a zaure da baƙi, cikinsu har da wani matashin hafsan soja da ke zama a kwamitin. Ya dubi ragon, ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauka. Ba zai iya mayar da kyautar abokin ƙuruciya a gaban mutane ba, don haka ya yi godiya ya ce a ɗaure. Washegari na ji ya tura ragon sansanin mutanen arewa da yunwa ta koro, an yanka musu. Ko a nan ban farga ba, cewa na yi mutumin ya ƙara tsoron Allah.

Suka zagaya rijiyoyi uku, suka auna ruwa, suka sa aka tada injuna. Bayan kwana uku aka manna sakamako a bangon biro. Wani ɗan kasuwa daga Kance aka ba, mai injin da bai kai rabin nawa ba.

Na same shi yana haɗa kaya zai koma Damagaram. Ban ko zauna ba na ce, "Mushe, me na yi maka?"

Ya ce, "Alhaji, rijiyarka ta fi, injinka ya fi, da hannuna na rubuta haka. Da ka zo mini hannu rabbana, da takardarka na aljihunka yanzu. Amma ka bi da rago ta tsakiyar kasuwa. Wa zan gaya wa ba ragon ne ya sa hannu ba?"

Na ce al'ada ce, ba yau muka fara ba. Ya ce ya sani. Ya ɗaure bakin jakarsa, sannan ya ce, "Na taɓa yin wata goma sha huɗu a ɗaki ɗaya. Ba ni da ƙarfin komawa."

Na faɗa masa maganganu marasa daɗi, har gazuwal ɗin zamanin jam'iyya sai da na tono. Ya saurara har na gama, na fita. Shekara biyu ba mu gaisa ba.

Shi ma bai daɗe a kujerar ba. Yadda aka naɗa shi a rediyo, haka aka sauke shi a rediyo, ya dawo gonarsa. Da aka dawo da siyasa ƴan jam'iyyu sun yi ta sallama a ƙofarsa, ya ce musu ya gaji. Mun shirya a zaman makokin mahaifiyata, ba wanda ya ba wani haƙuri, tabarma ɗaya kawai muka zauna.

Masu jin labarin nan sukan tambaye ni ko ya zalunce ni. Har yau ba ni da amsa guda. Ba adalci ya yi ba, don ya hana wanda ya cancanta. Kansa ya tsare, ni kuwa ni na sa shi a inda sai ya zaɓa tsakanin ni da kansa, alhali na san inda ya taɓa kwana. Na yi shekaru ina karanta fuskar masu sayar da gyaɗa, amma ban karanta ta mutumin da na sani tun muna yara ba.

Jakuna biyu sun mutu, huɗu na ba da su a araha, gangunan aka yi ta saye ɗai-ɗai. Injin, mutumin Kance ne ya saye shi ƙasa da rabin kuɗinsa, don nasa ya kasa, da shi ya shayar da gari har damina ta dawo. Shekara tara na yi kafin in sake mallakar kamiyo. Abin da ya rage a hannuna rijiya ce mai zurfi a garka, da guga ake ja, kuma ban taɓa sayar da ko bokiti ɗaya daga cikinta ba.