Ruwan da ya sauka daga shikkarmu

Ko da zan manta komai na zamanmu a unguwar Rusaifa, ba zan manta ranar da muka dawo daga Arfa ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ƙarar ruwa a bututu sai na tashi na duba.

A lokacin ba mu daɗe da sayen shikka, wato fulat, a hawa na huɗu na wata doguwar imara, wato bene mai gidaje da yawa, ba, bayan mun tashi daga gidan iyayen maigidana a Tandabawi. Ranar da muka karɓi mukulli wani dillali, abokin wani abokin maigidana, ya ce zai yi mana ta'min, wato inshorar gida, cikin rahusa. Muka ce ya kawo mafi araha. Ya kawo takardu shafi shafi da ƙananan rubutu, maigidana ya sa hannu a tsaye, ni kuma na jefa su a durowa. Wallahi ko layi ɗaya ban karanta ba.

Da Hajji ya zo muka rufe gida muka tafi aiki kamar kullum, shi yana tuƙa mota, ni ina dafa wa alhazai abinci. Kwana shida ba mu leƙo ba. Imarar ma kusan kowa ya fita.

Da hantsi muka dawo. Tun daga matakala na ga ruwa yana gangarowa, na ɗauka wanki ake yi. Da maigidana ya buɗe ƙofa sai ruwan ya taho ya rufe mana idon sawu. Bututun tukunyar ruwan zafi ne ya fashe a bayi. Darduma ta kumbura, ƙafafun kujeru sun lalace, wari ya cika ko'ina. Na tsaya riƙe da jaka ina kallon ɓarnar.

Ashe wannan ba komai ba ne. A ƙarƙashinmu akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu, tana sayar da abayoyi da sallaya, da su take riƙe kanta. Ita ma ranar ta dawo daga wurin 'yarta. Muka sauka muka tarar rufin ɗakinta ya rufto a kan kayan sana'arta gaba ɗaya. Tana zaune a bakin ƙofa tana matse wata abaya, ba ta ko kuka. Na durƙusa na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, muna da ta'min, za a biya ki komai." Da gaba gaɗi na faɗa, abin da har yanzu yake ba ni kunya.

Bayan hutun salla muka je ofishin kamfanin. Sai da muka yi zuwa uku kafin wani ma'aikaci ya saurare mu. Ya buɗe takardar, ya aza yatsa a wani layi, ya ce ɓarnar gobara kaɗai za su biya mana, ita ma bango da rufi kawai. Babu ɓarnar ruwa, babu kayan ɗaki, babu abin da ya shafi maƙwabci. Maigidana ya ce ya sake karantawa, ya sake. Muka kira dillalin daga nan bakin ofis, ya ce, "Ai ku kuka ce mafi araha." Daga ranar bai ƙara ɗaga wayarmu ba.

Komawa wurin Inna ya fi min komai nauyi. Da na gaya mata gaskiya sai ta ce, "'Yata, ruwa ba shi da laifi. Amma kun sa hannu a abin da ba ku sani ba." Na sayar da gwal ɗin aurena muka gyara mata ɗaki muka mayar mata da kaya. Mu kuwa mun yi watanni muna zama a tabarma.

Da muka tashi sake yin ta'min, sai da na bi maƙwabta ina tambayar wane kamfani ne ya taɓa biyan wani da gaske. Na tabbatar yana da lasisi, na sa aka karanta min kowane layi, na tambayi ruwa, na tambayi kaya, na tambayi na ƙasa da mu.

Abin ya koya min cewa a imara ƙasan ɗakinka rufin wani ne, kuma takardar da ba ka karanta ba ba za ta tare maka komai ba ranar da ka fi bukatarta.