Fankoki Biyu a Kan Akwatin Kifin Kulu

Daga zauren Malam Hadi mai wankin hula zuwa ƙofar ɗakin matarsa Kulu taku goma sha ɗaya ne. Ya sha ƙirgawa. Da can wannan nisan bai dame shi ba, domin muryar Kulu ba ta san katanga ba. Idan tana tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida ta kira akuyarta, har mai noma a gona ta uku sai ya ɗaga kai.

A Unguwar Ɗinya aka haifi Malam Hadi, tafiyar rabin awa a keke daga Zakirai, inda gona ke manne da gona, gida ke jingine da gida. Ya yi karatun allo a gaban mahaifinsa, ya gaji gonar gero da ta gyaɗa. Yana saurayi ya yi cin rani sau uku a birni, a can ya koyi wankin hula, ya dawo da buroshi biyu da kututturan katako shida da ake ɗora hula a kai ta bushe. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wannan zauren yana wankewa, yana sa sitati, yana shanyawa. Ba mai yawan magana ba ne. Mutanen unguwa sukan ce Kulu ce ke yin maganar gidan, shi nasa gyaɗa kai.

Da daminar shekarar 2021 Kulu ta faɗi a gaban kasko. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, muryar kuma ta tafi da shi. Abin da ya rage bai fi motsin ganyen dawa ba. Watan farko gidan bai rabu da ’yan dubiya ba. Wata na shida sai ƙanwarta Zakiyya kawai, ita ma ranar kasuwa take zuwa daga garinsu. Ba wai mutane sun daina ƙaunarta ba, hira da wanda sai an sunkuya ake jin amsarsa ce ke gajiyar da mai zuwa. ’Yarsu Raudatu tana aure a Kaduna, ɗansu Naziru yana tuƙa babbar mota zuwa kudu. Gidan ya rage su biyu.

Malam Hadi ya sauya yadda yake aiki. Ya daina kunna rediyo. Idan ya goga buroshi sau goma, sai ya dakata ya saurara. Da haka ya koyi tsinto “Malam” ɗinta daga cikin kukan kaji da sautin turmin maƙwabta, ya ajiye hula ya je ya ba ta ruwa ko ya juya ta.

Da Babbar Sallah ta shekarar da ta biyo baya Raudatu ta zo da wani kaya da ba a taɓa gani a unguwar ba: akwatin gilashi mai tsawon hannu, da jajayen kifaye biyar a cikin leda. Akwatin yana da murfin katako, a cikin murfin an maƙala doguwar fitila, aka haɗa ta da batirin solar da Naziru ya sa wa gidan. Ɗakin Kulu taga ɗaya gare shi, ƙarama, don haka da aka kunna fitilar sai ruwan ya zama shi ne hasken ɗakin.

“Baba, kada ka bari ruwan ya yi zafi,” in ji Raudatu, tana manna ma’aunin zafi a jikin gilashin. “Kada ya wuce talatin.”

Maƙwabta sun zo kallo kwana biyu, suka yi dariyar kifin da ake ciyarwa ba a ci, suka koma harkokinsu. Kulu ce ba ta gaji ba. Da safe takan ɗebi abincinsu da yatsun hagu ta barbaɗa, sai ta ga sun ci sannan ta karɓi kokonta. Malam Hadi ya lura da haka. Ya rataye tsohuwar kalanda a bayan ƙofa, kullum bayan azahar yana rubuta abin da ma’aunin ya nuna.

Damina ta wuce lafiya, sanyi ma haka. Bayan Ƙaramar Sallah ta 2023 bazara ta zauna da ƙarfinta. Kwanon rufin ɗakin yana gasawa daga sama, fitilar tana gasawa daga cikin murfi, zafin ba shi da hanyar fita. Kalanda ta nuna talatin da biyu, talatin da uku, talatin da huɗu. Kifayen suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ranar wata Talata ɗaya ya juya cikinsa sama.

Malam Hadi ya kashe fitilar. Ruwan ya ɗan sauka, amma ɗakin ya koma duhu, kifayen suka zama inuwa. Kulu ta juya fuskarta bango, kokon safe ya kai la’asar a rufe.

Ranar kasuwa, da Zakiyya ta iso, ya hau keke ya nufi rumfar Mika’ilu a Zakirai. Mika’ilu taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Da rediyo ya fara gyara, zamani ya mayar da shi kan waya da sola da duk abin da ke cin wuta.

“A’a, yau bawana ne da kansa,” in ji Mika’ilu. “Hula ta ƙare a garinku?”

“Fanka nake nema ƙarama.”

“Ta kanka?”

“Ta kifi.”

Mika’ilu ya yi dariya har ya ajiye abin da yake riƙe da shi. “Mutum ya shekara sittin yana fifita da faifai, yau kifinsa ne zai sha fanka.” Da ya ji bayanin sai ya rage dariyar. Ya ce dabarar tana da kyau, domin iskar da ke shafar saman ruwa tana sanyaya shi kamar yadda randa ke sanyaya nata, ta kuma kore zafin fitila. Ya jawo kwali cike da fankokin tsofaffin kwamfutoci ya ce ya zaɓa, shi kuwa ya juya ga masu jiran wayoyinsu.

Malam Hadi ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya san abin da yake tsoro, wato ƙara. Sai ya yi lissafi irin na mai hankali: ƙaramin abu ƙaramar murya gare shi. Ya ɗauki mafi ƙanƙanta, wadda ba ta kai kwalin ashana biyu ba.

“Ka haɗa ta da batir,” Mika’ilu ya ce ba tare da ya waiwayo ba.

A gida ya sake wani lissafin. Batirin ya tsufa, da ƙyar yake riƙe fitila har magariba. Akwai wani ɗan farantin sola da Naziru ya bari a kan rumbu, wanda ake cajin waya da shi a da. Ya huda murfin, ya ɗaure fankar da kusoshi, ya ja waya ta taga kai tsaye zuwa farantin. A ganinsa hakan ya fi: rana ta yi zafi, fanka ta yi gudu.

Ta kuwa yi gudu. Da hantsi tana kukan sauro, da rana ta take sai ta koma kukan injin markaɗe, murfin katakon yana amsa mata kamar ganga. Amma kalanda ta nuna talatin da ɗaya, kifayen suka sauka ƙasa, Kulu ta sha koko. Ya ce a ransa ƙarar da ta ceci rai ana iya haƙuri da ita.

A rana ta uku aka kawo masa huluna goma sha biyu na ’yan ɗaurin aure. Ya zauna a kansu bayan azahar. Yana gogawa sau goma, yana dakatawa, ba ya jin komai sai fanka, sai ya ci gaba. Da aka kira la’asar ya shiga ɗakin. Kulu tana ƙasa tsakanin gado da bango, hannun da ya shanye yana danne a ƙarƙashinta, kofin ruwan da ta miƙa ta ɗauka ya kife a kan tabarma. Tabarmar har ta bushe.

Ya ɗaga ta ya mayar kan gado. Ya kai kunnensa bakinta.

“Na yi ta kira,” ta ce.

Ya miƙe ya fizge wayar fankar. Ɗakin ya yi tsit.

Washegari ma’auni ya koma talatin da huɗu, a rana ta biyu wani kifin ya mutu. Saura uku. Ya binne shi a gindin zogale, inda ya binne na farko. Abin da ya fi damunsa shi ne tun ranar Kulu ba ta sake kiransa ba. Ko ƙishirwa take ji sai ta jira ya shigo da kansa. Ya koma shiga bayan kowace hula, yana tarar da ita tana kallon gilashi, ya tambaye ta ko tana son wani abu, ta girgiza kai.

Ya buga wa Mika’ilu waya. Wannan karon babu wasa a muryarsa, Mika’ilu kuma ya ji hakan. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a kan babur da jakar kayan aiki. Ya shiga ya gaida Kulu, suka fito da murfin tsakar gida ƙarƙashin darbejiya.

Mika’ilu ya ɗaga ’yar fankar da yatsu biyu. “Duk cikin kwalin nan wannan ka gani? Kai da ka san sauro ya fi saniya damun kunne.”

“Na ɗauka ƙarama ta fi shiru.”

“Ƙarama sai ta yi gudun tsiya kafin ta ba da iskar da babba ke bayarwa tana tafiyar sarauta. Sannan na ce maka batir, ka kai ta sola. Ita wutar bolt goma sha biyu take ci. Farantin nan da tsakar rana yana ba da goma sha takwas, har ya ɗara. Allah ne ya sa ba ta ƙone ba.”

“Batirin ba zai ɗauka ba.”

“Na sani. A solar za mu bar su, amma ba ita kaɗai ba.”

Ya zaro fankoki biyu baƙaƙe, kowace faɗinta ya kai tafin hannu a buɗe. Ya faɗaɗa ramin farko, ya huda wani a ɗaya ƙarshen murfin. Ɗaya ya juya ta tana tura iska ciki, ɗayar tana zuƙe ta waje. Ya nemi tsohon tib ɗin keke, Malam Hadi ya yanko masa, suka shimfiɗa robar tsakanin kowace fanka da katako don kada murfin ya sake zama ganga. Suka rufe ramukan da guntun ragar sauro. Sannan Mika’ilu ya zo kan waya, ya ce masa ya duba da kyau don ko wata rana ta tsinke: jar wayar ta farko ta tafi sola, baƙarta ta kama jar ta biyu, baƙar ta biyun ce za ta koma sola.

“Wutar sai ta ratsa wannan kafin ta kai waccan. Kowace ta ɗauki rabi, tara-tara ke nan. Babu mai ihu.” Ya ɗaure mahaɗin da salatif. “Amma ruwan zai riƙa raguwa. Kullum ka ƙara buta ɗaya, wanda ya kwana a randa.”

Suka mayar da murfin daidai lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Fankokin suka fara juyawa. Malam Hadi ya sa bayan hannunsa a bakin ramin hagu, ya ji iska mai ɗumi tana fitowa. Saman ruwan yana ɗan rawa. Sai da ya sunkuya sannan ya ji wani sauti kamar numfashin mai barci.

“To, uwargida,” in ji Mika’ilu, “bari mu koma zaure, ki kira wannan kurman mu gani.”

Suka je suka zauna. Suka jira har Mika’ilu ya shanye furar da Malam Hadi ya kawo masa. Ba ta kira ba. Mika’ilu ya goge baki, ya ce wataƙila barci ya ɗauke ta, ya tayar da babur ya tafi.

Lahadi kalanda ta nuna talatin, Litinin ashirin da tara. Kifayen uku suka koma yawonsu a tsakiyar ruwa. Malam Hadi ya buga wa Raudatu ya gaya mata lambar, bai gaya mata sauran ba. Kullum da safe yana zuba buta ɗaya, yana goge ƙurar raga da tsohon buroshin hula. Ya ci gaba da gogawa sau goma yana dakatawa, ko da yake kwana tara ke nan babu abin da yake tsintowa sai kaji da turmi.

Ranar Laraba, rana tana tsaka, lokacin da fankokin suka fi gudu, yana ɗora wata hula zanna a kan kututture sai ya ji.

“Malam.”

Ya bar hular a karkace ya yi takun nan goma sha ɗaya. Kulu tana kwance yadda ya bar ta, kofinta cike a kusa da hannun hagu, hasken ruwan yana yawo a fuskarta.

“Ruwa?”

Ta girgiza kai.

“In juya ki?”

Ta sake girgiza kai. Ya sunkuya.

“Ka ji?” ta ce.

“Na ji.”

“Sau ɗaya na kira.”

“Sau ɗaya na ji.”

Ta mayar da idonta kan kifayen. “To, koma aikinka.”

Ya tsaya kaɗan, ya duba ma’auni, ya ɗauki fensir ya rubuta ashirin da tara a kalanda duk da azahar ba ta yi ba. Ya koma zaure. Sitatin hular ya fara bushewa a karkace, sai da ya sake jiƙa ta.