Shanyar Hajiya Kaka

Wata Laraba cikin kakar da ta biyo bayan zaɓen 2007, na dawo daga makaranta na tsaya da tulu gaban famfon sola na unguwarmu a Fammar, na murɗa, ko ɗigo babu. Albarkacin famfon nan aka sa ni boko, don kafin zuwansa safiyata kaf a hanyar rafi take ƙarewa. Baba kuwa ya riga ya faɗa: "Ran da ruwa ya ɗauke, jakar makaranta ta huta."

Aka jera kwanaki a haka. Maza suka taru gindin tsamiya, wannan ya ce injin ya ƙone, wancan ya ce kayan gwamnati ai haka suke. Inna ce ta gano. Tana dawowa daga kai wa masu yankan dawa abinci, ta ga Hajiya Kaka, mahaifiyar mai unguwa, ta shimfiɗa buhuna a kan gilasan nan masu shan rana, ta baza yankakkiyar kuɓewa, Inna ta kuma lura tun da aka fara shanyar ruwa ya ɗauke. Wallahi ba laifin tsohuwa ba ne. Wuri ga zafi, ga tsabta, awaki ba sa kaiwa, wace mace ce za ta wuce shi?

To amma wa ya isa ya ce mata kwashe? Ɗanta ma ba ya haɗa ido da ita. Inna ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Haba Hajiya, muna raye kina shanya da kanki? Ai kin kunyata mu. Bar min, saman sorona ya fi nan rana." Hajiya ta yi ta sa mata albarka. Muka kwashe, Inna ta goge gilasan da bakin zaninta. Kafin la'asar yara na ta ihun ruwa ya dawo.

Maza suka ce injin ne ya huta ya farfaɗo. Inna kuwa ta ɗaukar wa kanta aiki: duk kaka, har Hajiya ta rasu, ita ke hawa tsani da sauka da kuɓewar, ga ciwon gwiwa yana cin ta.

Yau ina koyarwa a Rano, sola ta cika rufin shaguna, ba mai ɗaga kai ya kalle ta. Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ina alfahari da ita. Duk wanda ya tambaye ni wa ya ɗauki nauyin karatuna, cewa nake gwiwoyin uwata.