Maijegon Taura

Makonmu na biyu ke nan da fara shiga wajen marasa lafiya a Dutse, bayan shekara uku muna fama da littattafai. Babban likitan da ke koyar da mu ya raba mana gadaje a ɗakin mata, ya ce kowa ya je ya ji yadda ciwon mai gadonsa ya faro, gobe da safe ya zayyana a gaban jama'a. Ni gadon bakin taga aka ba ni.

Maijego ce daga wani ƙauye a bayan Taura, wata biyu da haihuwarta ta fari. Ba za ta girme ni ba. An tara mata matasan kai uku, domin da ta kwanta numfashinta ke sarƙewa. Ƙafafunta sun kumbura har suna sheƙi. Na danna da yatsa kamar yadda aka koya mana, ramin ya daɗe bai ciko ba. Mahaifiyarta na zaune a tabarma da jaririyar a cinya.

Na ce, "Inna, sannu da jinya."

"Yauwa likita, sannu da aiki."

Na so in ce mata ni ɗaliba ce tukuna, amma sunan ya yi mini daɗi, sai na bari.

Maijegon ba ta iya haɗa kalma biyar ba ta huta ba, don haka Inna ce ke amsa mini. Ta ba ni labarin yadda ta ɗauko 'yarta gida wankan jego. Safe da yamma ita ke hura wuta ta dafa ruwa, ta yi mata wanka da ganyen darbejiya, ta dama mata kunun kanwa da hannunta.

Ta ce, "Kwana arba'in, ko ɗaya ban tsallake ba. Babu wanda zai ce na bar ta da sanyi."

A makon nan aka yi mana darasi kan ciwon zuciyar masu jego. Ina jin haka raina ya yi fari, ga littafi ga mara lafiya sun dace. Na ce, "Ai Inna, ruwan zafin nan da kanwar su ne suka jawo. Zuciyarta ce ta gaji." Har da murmushina na faɗa, irin na ɗalibar da ta gane amsa.

Inna ta daina jijjiga jaririyar.

"Ruwan da na dafa mata?"

"E, da kunun."

Maijegon ta juyo da ƙyar ta ce, "Inna, ƙaddara ce."

Washegari na zayyana abin da na rubuta. Babban likita ya yaba, sannan ya gyara mini abu guda. Ya ce har yau ba a gama sanin ainihin musabbabin ciwon ba. Kanwa na iya ƙara wa zuciya nauyi, amma ciwon yana kama ko matar da ba ta taɓa wankan jego ba. Da Turanci ya yi bayanin, Inna na zaune a gabanmu tana kallon bakinsa.

Na ƙudurta zan koma in gaya mata. Kunya ta hana ni. Yau in ce gobe, gobe in ce jibi. In na zo sai in gaishe ta, in auna jinin 'yarta, in wuce. Wata dattijuwar nas ta ce mini ta rasa abin da ke damun tsohuwar nan, ko ruwan sha ba ta yarda ta miƙa wa 'yarta, sai ta kira ma'aikaciya ta ce ita ta ba ta. Na san dalili, na yi shiru.

A rana ta huɗu na dawo daga aji bayan azahar, na tarar an zagaye gadon da labule. Likitoci biyu na fitowa, ɗaya yana cire safar hannu. Maijegon nan ita ce mutum ta farko da na yi magana da ita, na taɓa jikinta, sannan ta rasu.

Mijinta ya tafi neman mota. Na samu Inna a baranda, ta goya jaririyar, ta ɗaure kwanukansu a zane. Ba ta kuka. Na durƙusa a gabanta na yi mata gaisuwa, sannan na ce, "Inna, maganar da na faɗa miki ran nan ba daidai ba ce. Ba ke ba ce. Ni ɗaliba ce, ban gama karatu ba."

Ta dube ni ta ce:

"Don ki sanyaya mini rai kike faɗa, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

"Wallahi Inna, babban likita ne ya ce haka."

"To," in ji ta. Ta gyara goyonta. "Ita wannan fa, me zan riƙa ba ta?"

Wannan ma ban sani ba. Na tashi na kira dattijuwar nas, ta zauna kusa da ita tana kwatanta mata yadda ake haɗa madarar jarirai da tafasasshen ruwa. Sau uku Inna ta sa ta maimaita, tana tambaya ko kaza zai yi lahani, ko kaza zai yi yawa.

Motar ta zo kafin la'asar. Na tsaya a bakin ƙofa har suka fita. Ban san sunan ƙauyensu ba, don ban tambaya ba. A takardata Taura kawai na rubuta. Har yau in na tuna da tsohuwar nan, zuciyata na gaya mini maganata ta farko ce Inna ta riƙe ta tafi da ita gida.